Inda Sarewa Ta Tsaya

Ai da Radiyya ta san akwai mutum a saman rufin makarantar babanta, da ko tari ba za ta yi a tsakar gida ba, balle waƙa. An yi sanarwa tun da safe, kamar yadda aka saba in namiji zai hau sama, cewa kafinta zai zo sauya kwanon da iska ta ɗaye, mata su kintsa. Ita kuwa lokacin tana maƙwabta aron rariya, ba wanda ya tuna ya faɗa mata. Ta dawo abinta ta zauna bakin murhu tana tsince shinkafa, tana jan wata murya a hanci wadda ta gada wurin mahaifiyarta, marigayiya Ummulhairi. Waƙar ba ta da kalma ko ɗaya, murya ce kawai mai hawa da sauka.

Sai ta ji guduma tana amsa mata.

Ba bugun aiki ba ne. In ta ja muryar ta kai gaɓa, sai a buga sau biyu a hankali, a ɗan dakata, a ƙara ɗaya. Ta yi shiru, guduma ta yi shiru. Ta ci gaba don ta gwada, aka sake amsawa daidai wurin. Da ta ɗaga kai ta hangi hular mutum can a ƙololuwar rufi, ya ba wa gidan baya, sai ta saki farantin ta faɗa ɗaki, kaji suka samu rabonsu.

Sunansa Uwaisu, mutumin Gubuchi, yana da ɗan shagon kafinta a bakin kasuwar Hunkuyi. Aikin da kowa zai gama a kwana biyu, sai da bawan Allah ya ja shi kwana biyar, kullum da ƙusar da ya ce ba ta zauna ba. Da ya rasa abin gyarawa, sai ya sauko ya durƙusa gaban mahaifinta, Malam Muhammadu Lawal, ya nemi izinin zuwa zance. Malam ya sa aka bincika har Gubuchi, aka dawo masa da labarin alheri, ya ce yaro ya riƙa zuwa ranar Juma'a bayan la'asar, a zaure, ya tashi kafin magariba.

Zuwansa na uku Radiyya ta kasa haƙuri. Ta tambaye shi, kanta a sunkuye, yadda aka yi ya san inda zai buga a waƙar da bai taɓa ji ba.

Uwaisu ya yi dariya ya ce ai ya ji ta fiye da sau ɗari. Ya ce kiɗan buɗe wani tsohon fim ne na Indiya, wanda ake sawa lokacin da sunaye ke wucewa a farko, fim ɗin ma ya girme su su biyu in an haɗa shekarunsu. Ogan da ya koya masa aiki a Maƙarfi yana da kaset ɗinsa, shi yake kunnawa kowace safiya kafin a ɗauki zarto.

Ran Radiyya ya ɓaci, ba kaɗan ba.

"Waƙar Ummana ce," ta ce. "Ita ta yi abinta."

Bai yi musu ba. Ya ciro waya, ya rage sauti har sai mutum ya matso zai ji, ya ajiye ta a tabarma tsakaninsu.

Sarewa ce ta fara, ita kaɗai, a hankali, kamar baƙon da ke sallama a gidan da bai sani ba. Ta hau, ta ɗan yi rawa a sama, ta sauko. Radiyya ta ji tsigar jikinta ta tashi, don ko numfashin da Umma ke ja a tsakiya, nan mai sarewar ya ja nasa. Daga nan wani abin kiɗa mai tsirkiya da yawa ya shigo yana bin sawun sarewar, yana maimaita abin da ta faɗa da tasa muryar mai zaƙi. Uwaisu ya ɗaga yatsa yana raɗa mata ta saurari mai ganga, mutumin nan yana zaune da gangarsa tun farko amma ya ƙi taɓawa. Ya ce abin da ya fi burge shi ke nan, haƙurin mutumin. Sai da sarewa ta gama kukanta kaf, sannan yatsu suka sauka a fata, biyu a hankali, dakatawa, ɗaya. Masu goge suka taso gaba ɗaya, sun fi ashirin, suka ɗauki muryar suka kai ta inda maƙogwaron mutum ba ya kaiwa.

Uwaisu in ya fara maganar kiɗan nan mantawa yake da kansa. Ya ce fim ɗin sau biyu kacal ya kalla, rabin labarin ma ya ɓace masa, amma wanda ya tsara wannan kiɗa ya riga ya ba da labarin duka kafin wani ya buɗe baki: za a haɗu, za a rabu, za a yi kewa. Ya ce shi kafinta ne, ya san aikin da aka haɗa ba a bar rata ba, wannan irinsa ne. Yana cikin zuba ya ɗago, ya ga hawaye na ɗiga a hijabinta.

"Radiyyata... ban yi don in sa ki kuka ba."

Ta girgiza kai. Ta ce ba baƙin ciki ba ne, ji ta yi kamar an tara mutum talatin suna taya Umma. Ta ce ya sake sawa, ya sake, har sau uku.

Sannan ta faɗa masa abin da ya fi damunta. Malam ba ya sauraren kiɗa. Ko rediyo, ana gama labarai yake murɗewa. Amma wannan muryar ita kaɗai ya yarda da ita a gidansa, domin a saninsa Ummulhairi ce ta ƙirƙire ta dominsa, a satin farko na aurensu. Shekara talatin da ɗaya suka zauna, shekara shida ke nan da rasuwarta, bai ƙara aure ba. In yana fiƙe alƙalami ko dafa tawada, za ka ji yana binta ƙasa-ƙasa. In baƙo ya tambaya, sai ya ce baiwa ce Allah ya yi wa mai ɗakinsa. Radiyya ta ce in ya san daga fim ta fito, ba ta san abin da zai rage masa ba.

"Ka yi mini alƙawari ba zai ji daga bakinka ba."

"Na yi miki," in ji Uwaisu.

To shi so ba ya rasa ɗan wautarsa. Uwaisu ya koma gida ya sa kiɗan ya zama ƙarar kiran lambar Radiyya ita kaɗai, don in ta kira ya sani tun kafin ya duba. Ya faɗa mata, ta yi murmushi ta ce Allah ya shirye shi, maganar ta wuce.

Bayan wata huɗu, ran wata Talata da hantsi, Malam ya aika aka kira Uwaisu don ya ce masa ya turo magabatansa. Bai sanar da kowa a cikin gida ba, so yake ya shiga da albishir da kansa. Radiyya kuma ta idar da walha, kewa ta taso mata, ta ɗauki waya ta danna lambarsa. Tana tsaye bakin ƙofar ɗaki sai ta jiyo sarewa daga zauren gidansu.

Ta kashe da sauri, amma ina, an riga an ji. Ta lallaɓa ta tsaya bayan ƙyaure.

Da Malam ya yi magana, muryarsa ba ta tashi ba.

"Wa ya ba ka izini ka ɗauki muryar matata ka kai wa makaɗa?"

Abin da ya fahimta ke nan, kuma wa zai ga laifinsa? A ganinsa yaron ya ji waƙar a bakin Radiyya, ya kwashe ta ya kai situdiyo, irin inda samari ke zuwa a yi musu waƙar biki, aka zuba mata ganga da goge. Ya ce matar da ko maƙwabci bai taɓa jin ɗaga muryarta ba, yau ga ta a aljihun mutane, gobe a kasuwa, jibi a gidan rawa. Ya ce amana ya ba shi ta shiga zaurensa.

Radiyya ta runtse ido tana jira. Kalma biyar ta ishi Uwaisu ya wanke kansa.

"Na yi kuskure, Malam," ya ce. "A yafe mini."

Malam ya ce ya yafe masa tsakaninsa da Allah, amma maganar aure babu ita, kada ya ƙara taka masa zaure. Uwaisu ya ɗauki takalmansa a hannu, sai da ya fita waje ya saka.

Da yamma ta kira shi tana kuka, ta ce ta warware alƙawarin, ya dawo ya faɗi gaskiya. Ya ƙi. Ya ce ya ga fuskar tsohon nan lokacin da sarewar ta tashi, kafin fushi ya zo, kamar wanda aka ce masa ga matarsa a bakin ƙofa.

"In na faɗa masa, na same ki, sanyin idona. Shi kuma na raba shi da Umma karo na biyu. Wallahi ina son ki, amma ba zan iya wannan ba."

Haka aka shafe sati bakwai. Damina ta kankama, masara ta kai ƙugu, Radiyya tana koyar da yara mata a makaranta, tana dafa wa Malam tuwonsa, tana ramewa. Ba ta ƙara jan waƙar ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Malam ma ya daina. Zai zauna a buzu yana fiƙe alƙalami shiru, kamar an shigo an ɓata masa abin. Tana son Uwaisu so mai tsanani, tana tausayin mahaifinta tausayi mai tsanani, ta rasa wanda za ta saki.

Da abin ya ishe ta, ta nemi izini ta hau mota zuwa Furana wurin Goggo Badi'a, yayar mahaifiyarta. Goggo tana ɓarar gyaɗa a rumfa, ta saurari labarin har ƙarshe, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, daga baya dariyar ta koma kuka.

Ta ce ita ce shaida. Suna yara, Ummulhairi na da shekara goma sha ɗaya, aka kai su Zariya jinyar kakarsu, a wani gida da ke bayan silima irin ta da, wadda ba ta da rufi. Ana idar da magariba sai sauti ya tsallako katanga. Kwana uku aka yi ana nuna fim ɗin, kwana uku Ummulhairi na zaune a kan turmi da kwanon tuwo a cinya, ba ta ci, tana jiran sarewa. Ko hoton fim ɗin ba ta taɓa gani ba, har ta koma ga Allah ba ta san sunansa ba. Jin nan uku shi ke nan, ta taho da shi Furana a kanta.

Goggo ta ce ita Ummulhairi ba ta taɓa cewa ita ta yi ba. Malam ne yana ango ya ji ta tana shara tana yi, ya ce kai, ashe har waƙa kika yi mini. Amarya 'yar kwana biyar, wa zai buɗe baki ya gyara wa miji? Da aka kwana biyu kuma ta ga yadda yake jin daɗi, sai ta bar masa.

Radiyya ta roƙi Goggo ta zo ta faɗa masa da kanta. Goggo ta ce a'a, shekara talatin da bakwai tana riƙe da bakinta, ba za ta sake shi yau a gaban suruki ba. Ta ce auren na Radiyya ne, uban nata ne, yaron da aka ɗora wa laifi kuma saboda ita ya ɗauka. Ta ƙulle mata gyaɗa a leda ta raka ta bakin titi.

Ranar Alhamis babu karatu, gidan tsit. Radiyya ta kai wa Malam kunu a zaure, ta durƙusa, ba ta tashi ba. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Baba, Uwaisu bai kai waƙar Umma ko'ina ba. Ni na hana shi magana."

Ta faɗa masa duka, katangar Zariya da turmi da kwana ukun, da kiɗan da aka yi tun kafin a haifi Uwaisu. Tana yi ba ta yarda ta dubi fuskarsa ba. Da ta gama ta ce ya yafe mata, ta san ta ɗauke masa abu mai girma, amma ta kasa ci gaba da kallon ana hukunta wanda bai yi laifi ba, kuma tana son sa.

Kunun ya huce a gaban Malam. Ranar bai ci abincin rana ba, da yamma ma ya ce a ɗauke. Radiyya ta wuni tana zargin kanta, tana ganin ta yi asarar duka biyun.

Washegari bayan an sauko daga masallaci, ya ce a kira masa kafinta, ya zo da wayarsa.

Uwaisu ya shigo ya tsuguna nesa, ya rame sosai shi ma. Malam ya sa Radiyya ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida. Ya ce shi bai saba jin irin wannan ba, kuma ba zai saba ba, amma yau yana so ya ji abin da Ummulhairi ta ji. A sa masa daga farko.

Uwaisu ya danna. Sarewa ta yi sallamarta. Malam ya rufe ido, ya haɗa hannuwa a kan gwiwa. Da mai tsirkiya ya shigo, ya ɗan gyaɗa kai. Da masu goge suka taso, Radiyya ta ga leɓensa na motsi yana bin su, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba. Kiɗan ya hau ya kai ƙarshen hawansa, kowa ya janye, aka bar sarewa ita kaɗai ta ja dogon numfashi, ta tsaya.

Malam ya ci gaba da jira, ido a rufe. Da shirun ya yi yawa ya buɗe.

"Ya katse ne?"

"A'a, Malam, iyakarsa ke nan. Daga nan labarin fim ɗin ke farawa."

"Nata bai tsaya nan ba."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Daga daidai inda sarewa ta ajiye, tsohon nan ya ɗauka da dasasshiyar muryarsa. Muryar ba ta ƙara hawa ba, saukowa ta yi a hankali, ta zagaya, ta yi kamar za ta tsaya ta fasa, ta sake zagayowa ƙasa-ƙasa yadda ake lallashin yaro, har ta zo ta kwanta. Ta fi ta farkon tsawo. Radiyya ta saki baki tana kallonsa, don tun da aka haife ta a gidan nan ba ta taɓa jin wannan ba.

Malam ya juyo gare ta ya tambaya ko ta san shi. Ta ce ba ta sani ba, Umma kullum a inda sarewa ta tsaya take tsayawa in tana yi musu. Ya juya ga Uwaisu, ya ce ya faɗa masa gaskiya tsakaninsa da Allah, kada ya ji tausayinsa, ko wannan ma yana wani wuri a cikin fim ɗin.

"Babu shi, Malam. Na san kiɗan fim ɗin nan daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin wannan ba sai yau."

Malam ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu. Hawaye suka gangaro suka shige gemunsa, bai share ba, bai kuma ɓoye ba. Ya ce ashe shi kaɗai take yi wa wannan, in yara sun fita, tana ninke masa kaya. Radiyya ta kifa kai a gwiwa tana kuka, wannan karon na daɗi.

Da ya natsu ya dubi Uwaisu ya daɗe. Ya ce sati bakwai yaron nan ya ɗauki laifin da ba nasa ba don kada ran tsoho ya ɓaci, shi kuwa ya kore shi kamar ɓarawo. Ya ce shi ne yau mai neman yafiya. Uwaisu ya rasa inda zai sa kansa, yana ta cewa ba komai, wallahi ba komai.

"Ka ce wa magabatanka ina jiran su ranar Asabar. Da an cire amfanin gona za a ɗaura."

Radiyya ta miƙe za ta gudu cikin gida don kunya, Malam ya ce ta dakata. Ya nuna wayar da ke kan tabarma da haɓarsa, ya tambayi Uwaisu ko mutumin da ya tsara wannan kiɗa yana raye. Uwaisu ya ce bai sani ba.

Malam ya jinjina kai, ya ɗauki tabaransa yana gogewa da bakin riga.

"Ya iya aikinsa, ba shakka ya iya," ya ce. "Sai dai bai ƙarasa ba. Ummulhairi ce ta ƙarasa masa."